Zamiya da Mirgina da Karo: Kimiyyar Ƙwallon Bolin

Wasan bolin ba wasan ƙasar Hausa ba ne. Wanda ya tashi a Sheme, ko Ƙanƙara, ko Sabuwa, in ma ya taɓa ganinsa, to, a talabijin ne ko a wayar hannu, ko kuwa tafiya ta kai shi Abuja ko Legas ya tarar da shi a wani gidan shaƙatawa. Duk da haka wasan ya cancanci a tsaya a yi nazarinsa, domin da wuya a sami wani wasa da ya tara dokokin motsi wuri guda, ya baje su a fili yadda za a iya auna su da awo da agogo, kamar yadda shi ya yi. Abin da ke faruwa a cikinsa shi ne, abu mai nauyi ya taso da gudu bisa wuri mai santsi, ya faɗa wa abubuwan da ba su kai shi nauyi ba. Wanda ya san hanyar Funtuwa zuwa Gusau, wadda ta ratsa ta Sheme, ya san wannan siffa ba ta ƙwallo kaɗai ba ce.

Ga yadda wasan ya ke. Akwai turba ta katako, ko ta wani abu da aka ƙera mai kama da katako, miƙaƙƙiya sumul, faɗinta inci 41 da rabi, watau mita ɗaya da ɗan kai, da kwata dama da hagu. Daga layin da mai jifa ba ya ƙetarewa zuwa abin jifa na farko ƙafa 60 ne, mita 18 ke nan da 'yan kai. Can ƙarshen turbar a ke jera kulake goma na katako masu siffar kwalba: ɗaya a gaba, biyu bayansa, sa'an nan uku, sa'an nan huɗu. Ana ba su lamba daga 1 zuwa 10, daga gaba zuwa baya, daga hagu zuwa dama. Kowane kulki tsawonsa inci 15 ne, nauyinsa kilo ɗaya da rabi ko ya ɗara kaɗan, tsakanin cibiyarsa da ta maƙwabcinsa kuma inci 12. Ƙwallon kuwa faɗinsa inci takwas da rabi, yana da ramukan zura yatsu, doka ba ta yarda nauyinsa ya wuce laba 16 ba, watau kilo 7.26. Mai wasa yana da jifa biyu a kowane zagaye, amma gwaninta ita ce ya kwantar da goman nan da jifa ɗaya. Ƙungiyar da ta fara daidaita ƙa'idodin wasan an kafa ta a birnin New York a 1895, a 2005 kuma ta haɗu da wasu ƙungiyoyi suka zama hukumar USBC ta Amurka.

Baƙon wasan, in aka miƙa masa ƙwallo, ya kan auna kulki na ɗaya ne ya saki da iyakar ƙarfinsa. Sau da yawa sai ƙwallon ya tsaga tsakiya ya wuce, ya bar kulake tsaye gefe da gefe kamar mai giɓi. Gwani kuwa ba ya nuna wani ƙarfi. Ya kan saki ƙwallon ya nufi gefe kamar zai faɗa kwata, ya yi ta tafiya, sai ya kusa isa ya lanƙwaso ya shiga ta kafaɗar kulki na ɗaya, goman su zube. Tambayoyi biyu ke nan suka taso. Me ya lanƙwasa ƙwallon bayan ya bar hannu, alhali ba mai taɓa shi? Me ya sa kuma shiga ta kafaɗa ta fi shiga ta goshi?

Abin da ke lanƙwasa ƙwallo

Tun ƙarni na 11 Ibn Sina ya faɗa a cikin littafinsa Al-Shifa cewa abin da aka jefa yana ɗauke da wani karkata da ya kira maili, wanda ba ya ƙarewa don kansa sai wani abu daga waje, kamar iska, ya ci shi. Isaac Newton ya mai da wannan tunani doka mai lissafi a 1687: abin da ke tafiya ba ya rage gudu, ba ya kuma sake hanya, sai an tura shi ko an ja shi. Saboda haka duk lanƙwasa tana da mai yin ta. Ƙwallon da ke bisa turba kuwa babu abin da ke taɓa shi sai iska, wadda ba ta yi wa abu mai nauyin kilo bakwai kome a irin wannan gudu, sai turbar ita kanta. Ashe gogayya tsakanin ƙwallo da turba ita ce mai aikin.

Faransawa biyu, Amontons a 1699 da Coulomb a shekarun 1780, su suka fayyace halin gogayya. Ƙarfinta ya dogara ga nauyin da ke danna abu da kuma irin fuskokin da ke gogar juna, ba ruwansa sosai da yawan gudu. Sa'an nan, kuma wannan ya fi kome muhimmanci a nan, kullum tana ja ne ta fuskar da ta saɓa wa zamiya. In abu yana zamewa gabas, yamma ta ke jansa, ba kudu ba, ba arewa ba.

Lalle ne a bambance zamiya da mirgina. Buhun masara da aka ja bisa siminti zamiya ya ke yi, gindinsa na gogar ƙasa tun daga farko har ƙarshe. Garen da yaro ke korawa kuwa mirgina ya ke yi. Ɗan wurin da ya taɓa ƙasa a jikin garen, a wannan ƙiftawar ido, tsaye ya ke cik, ba ya gogar kome. Ya taka ne ya ɗaga, kamar tafin ƙafar mai tafiya. Shi ya sa gare ke yin nisa da turi kaɗan, buhu kuwa da an sake shi ya tsaya.

Ƙwallon bolin da zamiya ya ke farawa, domin gudun da aka sake shi da shi ya fi juyinsa. Nan take gogayya ta kama aiki biyu: tana rage masa gudu, tana ƙara masa juyi, har su biyun su daidaita, zamiya ta ƙare, mirgina ta fara. Lissafi ya nuna wani abin mamaki. Ƙwallon da nauyinsa ya bazu daidai a jikinsa, in aka sake shi ba tare da juyi ba, sa'ad da zai fara mirgina saura kashi biyar cikin bakwai na gudunsa, ko bisa siminti ne, ko katako, ko gilashi. Abin da irin wurin ke sakewa shi ne nisan da za a yi kafin a kai ga haka. A ƙaddara an saki ƙwallo da gudun mita 8 a daƙiƙa, watau wajen kilomita 29 a awa, wanda ya ke gudu ne na yau da kullum a wasan. Bisa busasshiyar turba, inda gogayya ta kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin ƙwallon, zamiyar za ta ƙare cikin mita 8. In kuwa gogayyar ta sauka zuwa ɗaya cikin 25, sai an yi mita 40, fiye da tsawon turbar ninki biyu.

Abin da ke saukar da ita haka shi ne mai. Ana shafa wa turba wani siririn mai daga layin jifa zuwa wajen ƙafa 40, a bar sauran ƙafa 20 a bushe. Man ba shi da yawa, cokalin shayi huɗu ne ko biyar ga turba sukutum, ido ma ba ya ganinsa sosai. Asali don kare katako daga dukan ƙwallo aka soma shafa shi, daga baya ya zama shi ne rabin wasan.

To, gwani ba ya sakin ƙwallo haka kurum. Sa'ad da zai saki ya kan murɗa shi da yatsu. Duk abin da ke juyi yana da tsinken da ya ke juyawa a kansa, kamar yadda gululu ke juyawa a jikin mazari, ko da tsinken na ƙiyasi ne. Tsinken gare a gicciye ya ke da hanyarsa. Tsinken ƙwallon gwani kuwa ya karkata, ya ɗan fuskanci kulake, ta yadda in mai jifa da hannun dama ne, saman ƙwallon na juyawa hagu, gindinsa na sharar turba zuwa dama. Tun da gindin na zamewa dama, gogayya hagu za ta ja shi. Bisa mai jan ba shi da ƙarfi, sai ƙwallon ya yi ta sulalewa kusan miƙe, juyinsa na nan a ajiye bai ɓace ba. Da ya taka busasshen wuri, jan ya ninka sau da yawa tashi ɗaya, sai a ga ya karyo hagu. Johann Euler, ɗan shahararren masanin lissafin nan Leonhard Euler, ya nuna a 1758 cewa hanyar ƙwallo mai zamiya da juyi tana yin baka iri ɗaya da na dutsen da aka jefa sama. Coriolis na Faransa kuma ya rubuta littafi guda a 1835 a kan lissafin wannan al'amari a wasan tebur, kakan sunukar da samari ke bugawa a rumfunan Funtuwa. Da zarar zamiya ta ƙare, lanƙwasa ta ƙare, ƙwallon ya miƙe ɗoɗar bisa sabuwar hanyarsa.

Tafiyar ta kasu uku ke nan, sulalewa da lanƙwasa da mirgina, gwanintar duka kuwa a lokaci ta ke. In mirgina ta fara da wuri, ƙwallon ya riga ya kashe juyinsa da wani ɓangare na gudunsa tun da sauran tafiya, ya iso a sanyaye. In ta makara, ya iso yana sulalewa bai gama karyowa ba. Abin da ya ƙara wahalar shi ne man ba ya zama inda aka sa shi. Kowane jifa yana kwashe kaɗan daga gaba, yana jan kaɗan zuwa busasshen wuri, ta yadda hanyar da ta yi kyau a farkon wasa ba ita ce mai kyau bayan awa guda ba. A gidajen wasa na kowa da kowa ana tara man a tsakiya a bar gefe da kaɗan, don ƙwallon da ya ɓata waje ya sami gogayya ya komo, wanda ya ɓata ciki kuma ya sulale ya miƙe. Wannan rangwame ne a ke yi wa masu biyan kuɗi don su ji daɗi su dawo. A manyan gasa ana baza man kusan daidai, sai kuskuren inci biyu ya tona asirin mai jifa.

Shi kansa ƙwallon akwai dabara a cikinsa. Masu kaɗi a ƙasar auduga irin Daudawa sun san gululu mai faɗi ya fi wuyar tayarwa, ya kuma fi daɗewa yana juyi, ko da nauyinsa ɗaya da mai dunƙule. Dalili shi ne, nauyin da ya yi nesa da tsinke ya fi gardama da wanda ke kusa da shi. Maƙeran ƙwallo suna sa wani dunƙule mai nauyi a tsakiya, su siffanta shi yadda su ke so: wanda nauyinsa ya taru a cibiya ya kan ɗauki juyi da wuri, wanda nauyinsa ya bazu ya kan jinkirta. In dunƙulen ba mulmulalle ba ne, tsinken juyi ya kan riƙa gusawa kaɗan-kaɗan a hanya, ta yadda kowane juyi sabon wuri marar mai ke taɓa turba. Ana ganin shaidar haka a zoben mai da ke jere a jikin ƙwallo in ya komo. Amma fata ta fi ciki tasiri. Da itace mai tauri aka fara yin ƙwallon, aka koma roba a farkon ƙarni na 20, aka bi ta wasu nau'o'in roba na masana'anta, har a farkon shekarun 1990 aka fito da fata mai ƙananan ƙofofi da ke shan mai. Binciken da hukumar USBC ta bayyana a 2008 ya nuna kaushin fatar ƙwallo ya fi siffar abin da ke cikinsa ƙarfi wajen lanƙwasa. Shi ya sa a ke ganin gwanaye suna gogar ƙwallonsu da samfefa kafin gasa.

Abin da ke kayar da kulake

Tambaya ta biyu ta karo ce. Tsakanin 1668 da 1669 masana uku, Wallis da Wren da Huygens, suka aika wa ƙungiyar masana ta Landan amsar abin da ke faruwa in abu biyu suka yi karo. A ninka nauyin kowane abu da gudunsa, a kira abin da ya fito ƙarfin tafiya. Jimlar ƙarfin tafiya kafin karo ita ce jimlarsa bayan karo. Abin da wannan ya rasa shi wancan ya samu. Mai buga sunuka ya san haka a hannu ko da bai san shi a takarda ba: farin ƙwallo in ya sami ɗan'uwansa a tsakiya yana sulalewa ba juyi, sai ya tsaya cik, wancan ya tafi da gudun duka, domin nauyinsu ɗaya.

A bolin nauyin ba ɗaya ba ne. Ƙwallo mai laba 16 ya kusa ninka kulki sau biyar. In ya same shi goshi da goshi, kulkin zai tashi da gudun da ya fi na ƙwallon da kusan kashi 40 cikin 100, ƙwallon kuma ya ci gaba da wajen kashi 70 cikin 100 na gudunsa. In da ƙwallon mai laba 10 ne, abin da zai rage masa bai kai kashi 60 ba. Bambancin ba shi da girma a karo ɗaya, amma ƙwallon ba karo ɗaya zai yi ba.

A cikakken kaye na mai hannun dama, kulake huɗu rak ƙwallon ke taɓawa: 1 da 3 da 5 da 9. Sauran shida 'yan'uwansu ke kayar da su. Abin da aka buge ta gefe yana tafiya ne bisa layin da ya haɗa cibiyarsa da cibiyar abin da ya buge shi, mai bugun kuma ya goce ɗaya gefen. Ƙwallon ya sami kulki na 1 ta kafaɗar dama, sai na 1 ya bi jerin hagu ya kwashe 2 da 4 da 7. Karon ya tura ƙwallon dama ya sami na 3, na 3 ya kwashe 6, na 6 ya kwashe 10. Wannan karo ya mai da shi ciki ya sami na 5, na 5 ya kwashe 8, shi kuma ya ƙarasa da 9. Wurin shigar, wanda masu wasan ke kira aljihu, yana wajen inci biyu da rabi dama da tsakiyar kulki na 1.

Matsalar ita ce gocewa. Karon farko yana korar ƙwallon waje, nesa da kulki na 5, wanda shi ne zuciyar jerin. Ƙwallon da ya zo a miƙe, ko marar nauyi, ko wanda ya iso a sanyaye, ya kan goce fiye da kima, ya shafi na 5 a fisge ko ya rasa shi, ko kuwa ya sami na 3 da goshi har na 6 ya faɗa kwata ya bar na 10 tsaye shi kaɗai a lungu. Maganin wannan shi ne ƙwallon ya shigo a karkace, yana nufin ciki tun kafin karo, don korar da za a yi masa ta mai da shi daidai inda a ke so. Gwaje-gwajen hukumar USBC sun nuna karkatar digiri 6 ita ke ba da aljihu mafi yalwa, watau ko an ɗan kuskure dama ko hagu, goman su kan zube. Ga kuma inda amsoshin tambayoyin biyu suka haɗu. Wanda ya tsaya a bakin kwata ya jefa miƙe zuwa aljihu, karkatarsa ba ta kai digiri 2 ba, domin turbar doguwa ce siririya. Kafin a sami digiri 6 da jifa miƙe, sai mai jifa ya matsa gefe fiye da ƙafa shida, turbar kuwa duka-duka ba ta kai ƙafa uku da rabi ba. Ba yadda za a yi sai da lanƙwasa.

Kulki ba shi da wuyar faɗuwa. Gindinsa inci biyu ne kacal, cibiyar nauyinsa kuma tana wajen inci shida daga ƙasa, don haka da ya karkata kamar digiri 10 cibiyar ta fita daga saman gindin, sai ƙasa. Ƙasa da haka ya yi rawa ya koma ya tsaya, abin da ke sa 'yan kallo riƙe baki. Yadda kulki ya tashi bayan bugu shi ma yana da muhimmanci. Wanda ya kwanta yana wulwulawa bisa turba yana share faɗin inci 15, tsawonsa ke nan, ya bugi bangon gefe ya komo ya sake shara. Wanda aka buge da ƙarfin da ya wuce kima ya kan yi sama ya tsallake kawunan 'yan'uwansa ya faɗa rami bai taɓa kowa ba. Nan ne ƙarfin baƙo ke tashi a banza.

Ba sai an je Abuja za a ga waɗannan abubuwa ba. Barandar siminti ta wata makarantar sakandare a Faskari ko Ƙanƙara ta isa. A cika robobin lemo goma da yashi a jera su, a sami ƙwallon ƙafa a zana masa layi da alli don a ga juyinsa, a jiƙa kashi biyu cikin uku na barandar da ruwan sabulu. Ƙwallon ƙafa, da ya ke fanko ne, nauyinsa duk a fata, kashi uku cikin biyar na gudunsa zai rage masa maimakon biyar cikin bakwai. Ɗalibin da ya gano dalilin haka ya fahimci maganar gululu.

Daga turba zuwa titi

A Sheme, cikin ƙaramar hukumar Faskari, hanyar Ƙanƙara ta haɗu da babban titin Funtuwa zuwa Gusau, ga kasuwa da ke tara shanu da hatsi, ga manyan motoci masu wucewa. Duk rani kwalta tana tara baƙin mai da man gas da ke ɗiga daga motoci, da ƙura, da garin taya. Ruwan farko, musamman yayyafi wanda bai isa ya wanke titi ba, sai ya dama su su zama shimfiɗa mai santsi. An shafa wa turba mai ke nan, sai dai nan ba wanda ya auna inda man ya fara da inda ya ƙare.

Taya mai mirgina ita ke riƙe da titi, ita kaɗai kuma ke jin umurnin sitiyari. In direba ya danne birki har tayoyi suka ƙulle, sun daina mirgina sun koma zamiya, sun zama buhun masara. Gogayya kuwa, kamar yadda aka gani, baya kawai ta ke jan abin da ke zamewa gaba. Ƙwallon gwani yana lanƙwasa cikin zamiya ne don yana da juyi a ajiye; ƙullalliyar taya ba ta da juyi ko kaɗan, saboda haka ko direba ya murɗa sitiyari har ƙarshe, motar miƙe za ta tafi inda ta nufa tun farko. Tsofaffin direbobi su kan taka birki su saki, su taka su saki, don taya ta sake kama titi. Na'urar ABS da ke cikin motocin zamani aikin nan ta ke yi, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Maganar fatar ƙwallo ma tana nan daram: zanen taya shi ke ba ruwa hanyar fita, tayar da ta suɗe bisa ruwan ta ke hawa, kome lafiyar injin da ke ciki.

Dokar karo ba ta san sani ba. Ƙarfin da babbar mota ta bugi ƙarama da shi, shi ƙaramar ta bugi babbar da shi, amma sakewar gudu tana bin nauyi ne a juye. Tsakanin ƙwallo da kulki ɗaya ne da biyar. Tsakanin tirela mai tan 30 da ƙaramar mota mai tan ɗaya da rabi, ɗaya da 20 ne. Tsakaninta da babur mai ɗauke da mutum biyu ya fi ɗaya da 100. Tirelar kusan ba za ta ji ba, sai ta wuce zuwa abu na gaba. Lissafin kulkin da ke faɗuwa a digiri 10 kuma shi ne lissafin motar da aka jibga wa buhuna har suka wuce bodi, aka ɗora mutane bisa: faɗin ƙafafunta bai ƙaru ba, cibiyar nauyinta ta hau sama. Shanu a bayan mota da ruwa a cikin tanka sun fi buhu haɗari, domin a kwana su kan tattaru gefe guda su tafi da cibiyar.

Abin da ya fi shafar ma'aikacin da ke raba filin rumfa, ko zaɓen wurin tasha, ko inda ƙofar makaranta za ta fuskanta, shi ne kulaken nan shida da ƙwallo bai taɓa ba. Mai sayar da rake a bakin titi ba sai tirela ta same shi da kanta ba. Ta bugi motar da ke lodi a kafaɗar hanya, motar ta kwashe babura, babura su kwashe tebura. Tsakanin cikin kulki da cikin maƙwabcinsa inci bakwai da kwata ne, ƙwallon kuwa inci takwas da rabi. An jera su ne da gangan yadda ba abin da zai ratsa bai taɓa ba, ba wanda zai faɗi bai kai ga wani ba. Kasuwar da ta malalo bisa kwalta ta yi wa kanta irin wannan jeri ba da gangan ba.

Nisan tsayawa shi ma ana iya lissafa shi. Ba ya bin gudu ɗaya da ɗaya: in gudu ya ninka biyu, nisan birki ya ninka huɗu. A ƙaddara ƙaramar mota mai tayoyi masu kyau, gogayyarta da busasshiyar kwalta kashi bakwai cikin goma na nauyinta, bayan yayyafin farko kuma rabin haka. A ƙaddara direban ya ɗauki daƙiƙa ɗaya tak kafin ƙafarsa ta kai birki. A gudun kilomita 50 a awa zai tsaya cikin mita 28 a bushe, mita 42 a jiƙe. A kilomita 80 sai ya yi mita 58 a bushe, a jiƙe kuwa mita 94, kusan tsawon filin ƙwallon ƙafa. Tirela mai lodi, wadda birkinta ya yi zafi tun daga Gusau, tana bukatar fiye da haka. Allon gargaɗin da aka kafa mita 30 kafin rumfar farko, direba zai karanta shi ne yana sulalewa.